Ranar da Burul Ta Sauke Hannunta

Duk wanda ya san Burul a garin Kochkor, da hannu a baki ya san ta. Haƙoranta na gaba sun turo waje sun hau juna, tun tana firamare yara suka laƙaba mata Zomo, ita kuwa ta koyi yin dariya a bayan tafin hannu. Haka ta fito a hoton aurenta, haka ta yi shekara da shekaru tana dafa wa yara abinci a makarantar renon garin. Mace ce mai son raha, amma ko mijinta Sagynbek ba zai rantse ya taɓa ganin dariyarta a buɗe ba.

Sai da ta haura arba'in, yara suka kawo ƙarfi, sannan ta tafi babban birni Bishkek aka sa mata wayar gyaran haƙora. Likitar ta cire mata haƙora biyu don a sami fili, ta dasa wata 'yar ƙusa a ƙashin muƙamuƙi wadda za ta riƙa jan sauran baya. Ta ja mata kunne a kan giya: tana busar da baki, tana kumbura dasashi, tana hana ciwo warkewa, in kuwa dasashi ya lalace ƙusar za ta rasa makama. Burul ta ce wannan mai sauƙi ne, ita da ko warin giyar bodka tayar mata da zuciya yake yi.

Ta manta lokacin kaka ya shigo. Dabbobi sun sauko daga duwatsu da ƙiba, kowa ya tashi bikinsa. A bikin farko, yayan mijinta Toktosun ya miƙe ya yi dogon fatan alheri, kowa ya ɗaga kofin bodka ya shanye, sai ya hango nata a cike. Burul, wadda har yau ba ta kama sunansa saboda kunya, ta sunkuya ta ce likita ta hana.

"Likita? Ai bodka ita ce likitar. In za su yi miki allura da me suke goge wurin? Sha, amaryarmu, kada ki mayar mini da albarkata."

Mata suka ɗauka, wai tsofai-tsofai da ita ta kewaye baki da waya kamar garken tumaki, wa take wa kwalliya? Jama'a na tsaye ana jiranta, nama na hucewa, Sagynbek kuwa ya zuba wa farantinsa ido. Ta sha. Wadda ta sha don Yaya kuma da wane baki za ta ƙi na gwaggo? Haka aka yi ta yi, biki bayan biki. Abin da ya fi ban haushi, babu mai ƙinta a cikinsu. Da fara'a da ƙauna suka riƙa ɗura mata, kowa na ganin karamci yake yi.

Da ta koma Bishkek dasashin ya kumbura yana jini, ƙusar tana motsi. Likitar, yarinyar da Burul ta haifi sa'arta, ta wanke ta tas a gaban mutane, ta ce in ba za ta iya rabuwa da kwalba ba ta daina ɓata mata lokaci. In aka sake, waya za ta cire, Burul ta tafi da giɓi biyu a kan haƙoran da ta zo da su. A motar haya ta yi kukan baƙin ciki har gida. Ita ce yau mashayiya.

Sai bikin 'yarta Nazik ya zo, inda uwar amarya ba ta da wurin ɓuya. Aka kawo naman doki da taliya, Toktosun ya miƙe a gaban sababbin surukai, ya cika kofi da hannunsa ya miƙo mata. Ya ce kowa ya shaida, uwar da ba ta shanye wannan ba, ba ta so 'yarta ta zauna lafiya.

Burul ta miƙe. Ta sauke hannunta daga baki, ta sa yatsa ta ɗage leɓe har sama, ta matso dab da fuskarsa. Wayar, da giɓin, da jan dasashi mai tsatstsafar da jini, duk ga su a fili. Uwar ango ta ajiye cokali.

"Duba da kyau, Yaya. Albarkarka ce ta wancan karon, ba ta gama bin jikina ba. Bari wannan ta warke tukuna."

Ta ɗauki kofin shayinta ta sa wa Nazik albarka, bakinta a buɗe. Toktosun ya tsaya da kofi a hannu, ya rasa wanda zai miƙa wa. Sagynbek ya ɗago daga farantinsa yana kallon haƙoran matarsa, yau ne ya fara ganinsu sosai.