Ranar da Ammi Jawa Ya Saɓa Sandar Ruwa

Tsakiyar watan Sha'aban ne na shekarar 1376, wato Maris ɗin 1957, da hantsi, ina zaune a tsakar gidanmu na unguwar Tandabawi a Makka ina ɓarar gyaɗar da Inna za ta soya ta kai bakin titi, sai tsohon da ke kwana a ɗakin zaurenmu ya shigo da takalmi ƙafa ɗaya. Ɗayan ya baro shi a gahawa, shagon shayin da maza ke taruwa sauraren rediyo, bai ma sani ba. Ya wuce tabarma ya zauna daɓas a ƙasa kusa da turken akuya, ya cire baƙar hularsa ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa ganin kansa a buɗe ba sai ranar. Inna ta saki ludayi ta ce, "Ammi, lafiya?" Ya daɗe yana motsa baki kafin magana ta fito cikin Larabcinsa mai karyewa: shugaban ƙasarsu ya mutu, jirgin sama ya faɗo da shi a kan dutse.

Abin da ya tono mini wannan rana shi ne makon jiya na dawo daga Kano a jirgi, muna saman Bahar Maliya ya yi ƙasa da mu kamar an tsinke igiya, kwanuka suka tashi sama, mutane suna ta salati. Mun sauka Jidda lafiya, amma wallahi har yau ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai na zabura. Barci ya ƙi. To a cikin wannan hali fuskar tsohon nan ta dawo mini.

Ammi Jawa muke ce masa, wato Baffa Jawa, don a Makka duk wanda ya fito daga tsibiran gabas Bajawe ne a wurinmu. Kullum sai ya gyara mana, "Ba Jawa ba, Filibbin," mu kuwa yara mu kwashe da dariya mu maimaita yadda muka saba. Ya zo aikin Hajji, jirgin ruwansu ya koma, shi ya ce ya zauna ke nan sai an binne shi a nan. Ba shi da kowa. Baba ya tsince shi a rumfar Harami yana fama da zazzaɓi, ya kawo shi gida. Gidan namu na kwano ne da katakon akwati, rana na dukansa ya zama tanda. Da safe ni ke share tsakar gida, in kori awakin maƙwabta masu cin duk takardar da suka samu, in shanya wankin alhazai da Inna ke karɓa, sannan in ɗauki allo zuwa gidan malamarmu. Da yamma mu yi 'yar carafke da ƙwallon dabino a ƙofar zaure, shi kuma yana gefe yana saƙa kwando da ganyen dabino. Tuwon dawa da miyar kuka bai taɓa shiga ransa ba, amma yakan cinye tas don kada Inna ta ji babu daɗi.

A wajen saƙar nan yake ba mu labarin shugabansu. Wai ɗan maƙeri ne, makaniken mota, hannunsa ya san baƙin mai. Wai da ya hau mulki sai ya sa aka buɗe ƙofofin fada, manoma suna shiga da taɓo a ƙafa suna faɗin kukansu. Wannan kam ban yarda ba, ni da ko askari na hango a kan hanya sai in lafe bayan zanin Inna. Ammi bai taɓa ganin mutumin da idonsa ba. Abin da ya gani rijiya ce mai famfon hannu da aka haƙa a ƙauyensu, bayan shekarun da mata suka yi suna ɗebo ruwan kududdufi yara suna mutuwa da ciwon ciki, har da jikarsa. Wata rana wani ɗan ƙasarsu ya zo gaishe shi, ya ce ai shugaban nan ne ya kwaso baƙi daga arewacin ƙasarsu ya zuba su a yankin Musulmi. Ammi ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan gaskiya ne. Rijiyar ma gaskiya ce."

Baba mai ruwa ne. Aikinsa ya je bazan, wato matattarar ruwan unguwa, ya cika garwa biyu, ya rataye su a sandar gora, ya saɓa a kafaɗa ya bi gidaje. Da ya dawo da azahar ranar, Ammi ya roƙe shi a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida a karɓi gaisuwa, a kira malami ya yi wa mamacin karatu. Baba ya tambaye shi ko mutumin Musulmi ne. Ammi ya sunkuyar da kai ya ce Kirista ne. Na ga fuskar Baba ta sauya. Ya nuna wajen hasumiyoyin Harami ya ce, "A garin nan, Ammi? A ƙofata? In ka shimfiɗa tabarmar nan, to ka haɗa da kayanka ka naɗe." Baba ba mugu ba ne. Tsoro yake ji, na Allah da na bakin mutane, don mu ma baƙi ake ɗaukarmu. Amma na san in tsohon nan ya fita, rumfar da aka tsince shi zai koma, kuma ba zai ga sallar azumi ba. Ranar Ammi bai taɓa abinci ba, ni ma na kasa.

Washegari bayan asuba Baba ya miƙa hannu bayan ƙofa, babu sanda babu garwa. Ɗaukar sandar mai ruwa ba da izini ba babban abu ne. Ya fita a fusace, na bi shi a guje ban ko daura mayafi daidai ba. A bazan muka tarar da hayaniya. Masu ruwa suna da shugabansu da layinsu, bare ba ya kutsawa, ga shi tsoho ɗan firit ya tsaya a tsakiyarsu rungume da garwa. Wani yana cewa, "Yalla ya Jawi, koma gida ka dafa shinkafa!" Wani ya ce iska ma za ta kayar da shi balle ruwa. Da Ammi ya ga Baba, bai ba da haƙuri ba. Cewa ya yi, "Ba zan yi masa salla ba, na ji. Ba karatu. Amma ya shayar da mu. Bari in shayar."

Baba ya juya wajen shugaban masu ruwa ya ce, "Layina na yau nasa ne." Da hannunsa ya cika garwar, rabi-rabi, ya ninke rawaninsa ya ɗora wa Ammi a kafaɗa, ya saɓa masa sandar.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Tsohon ya nufi hawan dutse, inda tsofaffin mata da makafi ke zaune, waɗanda ruwa ba ya isa gare su sai an ga dama. Ƙafafunsa suna karkarwa, ruwa yana fantsama, Baba yana biye da shi ya tallabo garwar baya da hannu ɗaya yadda ba zai lura ba. Duk ƙofar da suka tsaya sai Ammi ya ce, "Sabil," wato kyauta don Allah. Har wani cikin masu tsokanar nan ya matsa masa hanya. Wata makauniya ta tambaya sadakar wa ce, don ta yi addu'a. Ammi ya dubi Baba, Baba ya dubi ƙasa, sai Ammi ya ce, "Sha kawai, ya Hajja." Har rana ta take suna hawa suna sauka. Kafaɗarsa ta sale, jini ya ɓata rawanin. Da suka dawo, Baba da kansa ya shafa masa man zaitun, ya ce wa Inna, "Yau a dafa masa shinkafa." Maganar naɗe kaya ba ta sake tashi ba. A ɗakin zauren nan ya zauna har Allah ya karɓi abinsa, Baba ne ya yi masa wanka.

Yanzu famfo ya shiga gidaje da yawa, bazan ɗinmu ya zama kango, yaran unguwa da Larabci suke wasa, in na ce musu garwa sai su dube ni. Na yi sakandare, an koya mana sarakuna da yaƙe-yaƙe, ba wanda ya ambaci makaniken nan ko sau ɗaya. Baba ya tsufa, kafaɗarsa ta dama ta karkace ba ta miƙewa. Wani lokaci nakan zauna kusa da shi in yi ta kallonta, ina kewar zamanin da mutum biyu masu tsoron Allah suka rasa yadda za su yi da wani mamaci, suka kai wa maƙwabta ruwa. Ban sake ganin makokin da ya kai wannan ba.