Jan Zaren Gefen Yadi

Shekara talatin da ɗaya Baba Masaƙi ya yi a zaure na biyu na masaƙar gari, tsakanin injuna arba'in, har ƙararsu ta kashe masa kunnen hagu. Yatsunsa kuwa ba su taɓa yi masa ƙarya ba. Da ya murza yadi zai faɗi inda aka saƙa shi. Kowane bandir da ya fita daga masaƙar yana ɗauke da siririn jan zare a gefensa, kuma Baba ne yake ɗaura zaren nan.

Shekara biyu da suka wuce gwamnati ta aika wakili taron ƙasashe, inda ake yanka wa kowace ƙasa kason yadin da za ta sayar a waje. Wakilin ya sarayar da rabin kason don a sauƙaƙa wa ƙasar shigo da takin zamani, ya dawo ya ce a rediyo ai yadin gida ba ya jure wanki. Aka rufe zaure na ɗaya, aka sallami ƙanen Baba, ya koma tura baro a kasuwa. Maganar wankin nan ta tsaya wa Baba a maƙogwaro.

Bana za a sake zama, aka kuma ji sauran rabin ma wakilin zai miƙa, abin da zai rufe zaure na biyu. Kafin ya tashi, wakilin ya zo masaƙa da 'yan jarida.

"Kun ga rigar nan?" ya ce, yana shafa ƙirji. "Saƙarku ce. Da ita zan zauna a taron."

Baba ya matso a ladabce. "Ranka ya daɗe, a bar tsoho ya sa mata albarka."

Ya murza hannun rigar, ya juya cikin ɗinkin, inda tela yake barin gefen yadi. Babu jan zare, sai tambarin wata masaƙar waje. Ya riƙe wurin gam har masu hoto suka gama ɗauka.

"Yallaɓai, ko wanki ne ya cinye jan zaren? Ai kai ka ce namu ba ya jurewa."

Zauren ya kece da dariya.

Bayan kwana uku aka cire sunan wakilin daga tawagar zuwa taron. Matar da ta gaje shi ta zo da kanta neman samfurin yadin da za ta kai taron, Baba ya yanka mata daga gefen da zaren yake. Hoton jaridar kuwa ya ninke, ya taka har kasuwa, ya liƙa shi a jikin baron ƙanensa.