Jarin Wan-tsai Da Motar Shara

Duk wanda ya taɓa zama a lungunmu na bayan kasuwa a birnin Chiayi ya san Chien Wan-tsai, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Shekara da shekaru yana gyaran babura a bakin titi, kuma tun can haƙuri bai taɓa kwana a jikinsa ba. Kafin mai babur ya gama faɗin abin da ya lalace, Wan-tsai ya kwance rabin injin. Da gwiwa ta hana shi tsuguno sai ya rufe shago, ya gaji tsohuwar kwamfutar ɗansa, ya gano ana cacar karta mai suna poka a intanet. Nan take ya ce ya samu sana'ar da aka haife shi dominta.

Matarsa Bi-lien, mai sayar da shinkafa da naman talotalo, ta gindaya masa sharaɗi biyu.

"Kuɗin gidan nan ko kwandala ba za ta faɗa ramin nan ba. Sannan shara taka ce. Ranar da motar shara ta wuce ba ka fita ba, washegari da hannuna zan miƙa wa masu shara kwamfutar nan taka."

"Haba tsohuwa, ni da zan mayar da ke matar attajiri?"

"Attajiri ya fara da bokitin ragowar abinci."

Sai ya koma wa gasar kyauta, wadda ake shiga ba ko sisi. Dubban mutane kan taru a kan ladan da bai fi kuɗin taliya kwano biyu ba. Lissafinsa shi ne ya ci kaɗan, ya tara jari, ya hau teburin manya. Lissafin ba laifi, mai lissafin ne matsalar. Da ya ga katin sarki guda a hannunsa sai yatsa ya hau ƙaiƙayi, ya zuba duk abin da ke gabansa. Kafin shayinsa ya huce an yi waje da shi. Ya sa jan gajeren wando don sa'a, ya juya teburi ya fuskanci ƙofa, ya kai wa gunkin unguwa lemo da abarba, duk a banza. Jarin nan ko ƙyallinsa ba a gani ba.

Wata ranar Alhamis aka yi ta raba masa katin da ko shi bai iya zuba komai a kai ba, don haka ya daɗe a cikin wasa ba da son ransa ba. La'asar sakaliya sai ga shi a teburin ƙarshe, inda ukun da suka rage ne kaɗai ke samun lada. Yana cikin haka ya jiyo kiɗan da motar shara ke sawa don kiran mutane, ta karyo kwana. A garin nan kuwa shara ba ta taɓa ƙasa, da hannunka za ka jefa ta a mota. Ya waiga, ga Bi-lien a bakin ƙofa ta harɗe hannuwa.

"Don girman iyayenki, yau kaɗai ki kai min!"

"Gobe ma motar za ta zo," in ji ta, tana kallon kwamfutar.

Wan-tsai ya suri ledoji da bokiti ya fita da silifas wari-wari. Ya sha layi a bayan maƙwabta. Wata ma'aikaciyar motar mai karɓar kwalabe ta buɗe ledarsa ta ga ya cakuɗa gwangwani da takarda, ta ce sai ya rarrabe. Ya durƙusa da gwiwar nan tasa yana tsinta yana ƙunƙuni, sannan ya bi motar da ɗingishi har bakin gada.

Ya dawo jiƙe da gumi, ya tabbata an cinye shi. Ashe da ba ya nan kwamfuta ta yi ta janye shi daga kowane zagaye ba tare da zuba komai ba, su kuwa sauran suka yi ta cin junansu. Saura shi da mutum biyu! Ya kurma ihu, ya faɗa kan kujera, ya ga sarki guda, ya zuba duka. Aka fitar da shi na uku, da ladan farko a rayuwarsa.

"Kin ga dabara ko, tsohuwa?"

"Na gani. Kujera ta kai ka na uku, kai kuma da ka zauna zagaye ɗaya ka yi."

Maganar ta soke shi ƙwarai, don ya san gaskiya ce. Ranar ko miya bai ƙara ba.

Yanzu kullum da yamma Wan-tsai kan shiga gasa, ya miƙe, ya bi gida-gida yana karɓar sharar tsofaffin lungu, yana jan ƙafa don kada ya dawo da wuri. Jarin na ta tasawa a hankali. In maƙwabta suka tambaye shi sirrin, sai ya gyara murya ya ce haƙuri ne. Bi-lien kuwa ta ɗinka wa kujerar sabon matashi, kuma muddin ana wasa ba ta barin kowa ya zauna a kai, balle shi.