Baba Yana Jiran Maganina

Shekara biyar rabona da garinmu Kwoi. Jiya ƙanwata Rahila ta kira ni, wai Baba ya daina shan maganin rawar hannunsa, nawa yake jira.

Bincike nake yi a ƙasar Turawa a kan wata 'yar ƙofa da sinadarin fotasiyam ke bi a jikin lisosom, jakar da ke narkar da shara a cikin ƙwayar halitta. In ƙofar ta lalace, shara na taruwa, ana kuma zargin tana da hannu a irin ciwon Baba. Magani kam da saura.

Na ce ta ba shi wayar.

"Baba, ko ɓeran gwaji ban warkar ba tukuna."

"Na riga na faɗa a coci yarona yana haɗawa. In sha na asibitin Kafanchan, su ce mene?"

"Su ce kana riƙe cokali da kanka!"

Ya ce to, zai sha, amma sai daga hannuna.

Abin da na tara kuɗin jirgin zuwa ne, ban da na dawowa. Masu tsoho mai taurin kai, yaya kuke yi?