Ranar da Baba Ya Cire Takalmi Saboda Fugma

Mahaifina Bakabe ne, masunci ɗan masunci, amma tunda na yi wayo a unguwarmu Tandabawi da ke Makka ban taɓa ganin ya kusanci ruwan da ya fi cikin buta ba. Ƙanensa ne ya yi nutso a gulbi suna samari, bai taso ba. Baba ya jingine homarsa ta kamun kifi, ya taho Makka ya kama tuƙin tasi. Ko fasinjan Jidda ya ɗauka, ba ya bi ta bakin teku.

Ni kuwa da kafiya aka haife ni. Na ce sai ya sake kallon ruwa kafin ƙasa ta rufe masa ido, domin abin yana cin sa, ni ma yana damuna. Na yi ta naci har ya bi ni Jidda, gidan da ake nuna halittun teku ta bayan gilashi.

Can muka tarar da fugma, wata dabba mai kan kare da dogon gashin baki, jikinta sumul kamar salka. Ta gama kai da kawowa, ta sauka ƙasa ta kwanta, ko motsi babu. Baba ya matsa jikin gilashin. Jim kaɗan na ga ya cire takalmi, yana ɓalle maɓallan riga. A gulbinsu, in mai nutso ya daɗe ba a tsayawa kallo, wanda ke kusa shi ke bin sa.

"Mi kuka jira? Ba ta taso ba!"

"Ya Baba, halas, ya isa, barci take yi."

Na riƙe hannunsa, na faɗa masa abin da nake koya wa ɗalibaina a makaranta. Kafin fugma ta nutse fitar da numfashi take yi, domin guzurinta yana cikin jini da tsoka. Hancinta ya rufe ruf, bugun zuciyarta ya ragu sosai, jini ya koma wajen ƙwaƙwalwa. Na san abin da nake faɗa, amma bai ɗauke ido daga kanta ba. Jira yake gani ya kori ji.

Sai ga ta ta taso a hankali, ido a rufe. Ta huda ruwan da hanci, ta ja iska, ta koma.

Baba ya zauna a kan benci, ƙafa ba takalmi, hawaye na bin gemunsa. Na ce mu tafi, la'asar ta yi.

Ya ce, "Dakata, ɗiyata. In ga ta ƙara tasowa."