Kabad ɗin Inna da igiyar da aka kwance a Jajimaji

Mun tashi da asuba daga Nguru ranar Laraba, ni da ƙanina da wata ƙawata da muke koyarwa a makaranta ɗaya. Masu tambayar me ya sa na yi shiru a shafin nan kwana biyu, ga dalilin. Gashuwa muka nufa sayen kabad ɗin kicin, kuma tun kafin mu bar ƙofar gida na riga na yi wa ƙanina faɗa sau biyu a kan jinkiri, don ku san halin da nake ciki.

Inna ce ta tayar da ni. Wata uku ke nan tana Kano wurin yayanmu, an yi mata aikin gwiwa, likita ya ce ita da tsuguno har abada. Ita kuwa fiye da shekara talatin a tsugune take girki gaban murhu, kwanukanta jere a kan wani dakalin ƙasa da marigayi Baba ya gina mata. Yaya ya ce tunda haka ne ta yi zamanta a Kano, akwai mai dafa mata. Zai kawo ta ranar Juma'a ta kwana biyu ta kwashi sauran kayanta. Ni da nake zaune da ita na san idan kayan nan suka fita, ta tafi ke nan. Sai na kira magini ya fasa dakalin, aka yi siminti aka shafa fenti, da nufin ta tarar da kicin da za ta yi girki a tsaye, ta ce ta fasa komawa. Ban gaya mata ba, don na san da na tambaya cewa za ta yi kada a taɓa.

Maginin dattijo ne, ba ya harka da tef. Da na nemi awon kicin, igiyar rama ya ɗauko ya miƙa ta jikin dogon bango ya ƙulla, ya juya bangon taga ya sake ƙullawa, ƙulli na uku kuma daga ƙasa zuwa bakin taga. Ya ce in miƙa wa kowane kafinta zai gane, haka suke yi tun kafin a haife ni. Na naɗe igiyar na ba ƙanina ya riƙe, na kulle gida na jefa makulli a jaka.

A tasha aka ce dubu biyu da ɗari biyar kowane mutum. Sammakon namu bai amfane mu da komai ba, domin motar ba ta cika ba sai da rana ta fito sosai. Na sauka na shiga ya fi sau biyar. Har na fara lissafin in biya kuɗin kujerar da ta rage, ƙawata ta ce in tuna kuɗin kabad ne a jakar, ba na direba ba.

Hanyar a wannan lokaci na kaka tana da kyau ga wanda hankalinsa ke kwance. Ana fita gari ruwa ne shimfiɗe, kacalla ta cinye bakinsa ta yi tsayi ta fi mutum, masunta suna janye raga, can gaba kuma masu yankan shinkafa sun sunkuya layi guda. Ƙawata tana ta ɗaukar hoto tana nuna mini fararen tsuntsaye. Ni agogo nake kallo. Direban mai hira ne, duk inda ya ga wanda ya sani sai ya rage gudu sun gaisa da Barbarci har da tambayar iyali, ni kuwa ina baya ina cizon yatsa.

A Jajimaji wani fasinja ya sauka, wani bawan Allah ya hau da buhu uku na busasshen barkono. Da na ga lodin zai ɗauki lokaci, muka tsallaka titi ni da ƙawata wurin wata mai ƙosai. Ƙosan nata manya ne, guda biyar ɗari biyu, ga kunun gyaɗa mai zafi da ba a cika masa sukari ba. Muka dawo muka tarar an gama, aka kama hanya. Daga nan har Gashuwa atishawa muke yi gaba ɗayanmu, mai barkonon kaɗai ne ko a jikinsa.

Sai a tashar Gashuwa na ga abin da ya faru. Direba ya zagaya bayan mota ya kwance igiyar da ya ɗaure but da ita, ya naɗe ta tsaf, ya miƙa wa ƙanina yana sa masa albarka. Igiyata ce. But ya ƙi rufuwa a Jajimaji, direba ya nemi igiya, ƙanina mai son taimako ya miƙa ta. Da ta gaza tsawo, direban ya warware ƙullin ukun nan da haƙori.

Ƙanina ya ce, "Yaya, ai alamar ƙullin tana nan, bari ki gani."

Muka shimfiɗa ta a ƙasa. Igiyar da ta sha ja da girgiza tun daga Jajimaji ko'ina alama ce. Ban yi masa faɗa ba, kuma wannan ya fi tsorata shi. Na kira maginin, wayarsa ba ta shiga, matarsa ta ce ya tafi Machina sai jibi. Makullin gida yana jakata, babu wanda zai shiga ya auna. In na koma Nguru na dawo, yini ya tafi, kuma in ba a kafa kabad ranar Alhamis ba, Inna za ta tarar da ɗaki fayau babu dakali babu komai.

Duk da haka na ce mu je mu ga kayan, tsayuwa a tasha ba za ta dawo da ƙulli ba. Muka hau keke-napep zuwa layin kafintocin da ƙawata ta sani. Dalilin zuwanmu Gashuwa ke nan: a can akwai masu ƙera kabad gida-gida su yi masa fenti su ajiye, ka zaɓi adadin da zai cike maka bango, ba sai ka jira sati biyu ba.

Shagon farko fararen kabad ne masu ƙyalli, irin waɗanda nake gani a waya. Ƙawata ta tsaya tana gyara mayafi a jikin ƙofar ɗaya. Da mai shagon ya faɗi kuɗin, na tambaye shi ko har da gidan da za a sa su. A shago na biyu akwai masu kama da su a rabin kuɗin, har zuciyata ta kwanta, sai na hango wani guntun allonsu a bakin kwata ya sha ruwa ya kumbura kamar burodi a shayi. Garin katako ne aka matse aka lulluɓe. Inna kuwa wanke kicin take da bokiti guda na ruwa, kuma duk wanda ya san Nguru ya san yadda ƙasa take tsattsafo da damina. Na ja ƙawata muka fita.

Na uku wani dattijo ne ɗan ƙabilar Bade, ba shi da yawan magana. Nasa na filawud ne mai kauri, firam ɗin katako, fentin mai da aka shafa sau biyu, kuma kowane gida yana tsaye kan gajerun ƙafafun ƙarfe don kada ya taɓa ruwa. Ba su da ƙyalli. Akwai wasu koraye da wani ya sa aka yi masa ya fasa karɓa, ya ce zai rage mini in ina so, ƙafafun kuma zai yanka su daidai tsayin mai girki. Ya ba ni shawara in ɗauki na ƙasa kawai, na sama su jira wata shekara, tunda tsohuwa ba za ta riƙa miƙa hannu sama ba. Kuɗin ya yi daidai da abin da ke jakata, har da ragowar na mota. Daga nan ya ce, "Malama, ina awo?"

Na ce muna zuwa.

Muka zauna a wata rumfar abinci kusa da layin. Shinkafar Gashuwa ce da miyar kifi banda, faranti dubu ɗaya da ɗari biyar, kuma ƙanina ya tabbatar mini daga baya cewa ta yi daɗi, don shi ya cinye tawa. Ni juya cokali nake yi. Ƙawata ta bari sai da ta wanke hannu sannan ta ce mutum ɗaya ne a duniya ya san kicin ɗin nan ba tare da igiya ba, kuma na san ko wace ce. Na sani. Na fi rabin awa ina kewaya rumfar da waya a hannu kafin na danna.

Bayan gaisuwa na ce, "Inna, bangon kicin ɗinmu tsawonsa nawa ne?"

Ta ce, "Me kika yi wa kicin ɗina?"

Na faɗa mata duka, har da barkono da haƙorin direba, ko za ta yi dariya. Ba ta yi ba.

"Dakalin fa?"

"An fasa shi, Inna."

Na duba ko wayar ta yanke. Ina jin talabijin ɗin gidan Yaya daga nesa. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba tun ina yarinya, domin sai a lokacin na ga girman abin da na yi: na rushe aikin hannun mijinta ba da saninta ba, ina kiran abin taimako.

Can ta ce, "Dogon bango ki ce kamu biyar. Na taga kamu uku da tafin hannu. Da hannunki za ki auna, da nawa da naki ɗaya ne."

"Tsayin fa, Inna?"

"Daidai ƙugunki."

"Ai kin ɗan rankwafa yanzu, ko a rage kaɗan?"

"Na ce daidai ƙugunki." Ta kashe wayar, ba ta ce za ta zauna ba, ba ta ce ba za ta zauna ba.

A shagon dattijon na ɗora hannuna kan wani allo daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ƙanina ya ja layi da fensir, dattijon ya auna layin da tef ya yi lissafinsa. Gida uku a dogon bango, biyu a na taga. Muka samu a-kori-kura mai kai shinkafa Nguru, aka ɗora kabad a saman buhuna aka lulluɓe da tsofaffin kwalaye. Ƙanina ya hau baya yana riƙe da su, hukuncin da ya yanke wa kansa ke nan, ni kuma ban hana shi ba. Duk ramin da muka faɗa sai na leƙa ta taga. Muka shiga Nguru ana kiran magariba, fenti ko ƙwarzane babu.

Ranar Alhamis dattijon kafintan ya zo da kansa daga Gashuwa ya kafa. Bangon taga ya zauna cif. Dogon bango kuwa kabad ya ƙare ya bar fili kusa da ƙofa, kamu ɗaya da rabi. Na ce shi ke nan, ko ɓacin rai ne ya sa Inna ta yi kuskure, ko tsufa. Dattijon ya ce zai iya ƙera ƙarin gida ɗaya, amma sai bayan sati. Na yini ina shiga ina fita ina kallon gurbin nan.

Juma'a bayan la'asar suka iso. Inna ta sauko da sanda, ko ɗakinta ba ta shiga ba ta wuce kicin, muna biye da ita. Ta buɗe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, ta ƙwanƙwasa katakon, ta ce koren ya yi kama da na asibiti. Sannan ta ce wa ƙanina ya ɗauko kujerar roba mai hannu da ke zaure. Ta nuna masa gurbin da sandarta. Kujerar ta shige kamar don ita aka bar wurin, Inna ta juya a hankali ta zauna.

Ta ce, "Bangon nan kamu shida da rabi ne, sau nawa na yaɓe shi da hannuna. Ba mantuwa na yi ba. Ke kina ta lissafin tsuguno, ni tsayuwar ma ba na iya minti biyar, ban dai faɗa muku ba ne. Ɗora tukunya, baƙi sun sha hanya."

Ranar Lahadi Yaya ya koma Kano shi kaɗai.

Masu shirin gyaran kicin, ku rubuta awo a takarda, ku duba abin da ke ƙarƙashin fenti kafin ƙyalli ya ruɗe ku, kuma in kuɗi bai kai ba ku fara da na ƙasa. Abin da ni na koyo ya fi wannan ciwo. Na je har Gashuwa don Inna ta koma girki, ban taɓa tambayarta ko za ta iya ba, sai ita ce a cikin fushinta ta auna kicin ɗin daidai da gaskiya. Ta dawo gida, na gode wa Allah. Amma tuwon da na yi wata uku ina kewa ba zan ƙara cin sa ba. Ni nake tuƙawa yanzu, tana zaune a kujerarta tana cewa ya yi ruwa.