Darma Uku da Jirgin Gwangwani

Duk wanda ya rubuta tarihin layin dogo a ƙasar nan bai sa sunana ba, to ya ci amanar ilimi. Ni ne mutum na farko da ya shimfiɗa dogo a ƙasar Bagudo, tun daga Bahindi har bakin iyakar Binin, kuma har yau ban ji wanda ya yi na biyu ba. Ni na ƙera jirgin, ni ne direba, ni ne mai hura wuta, ni ne sarkin tasha, ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Abin da ban cika son a tambaye ni ba shi ne tsawon dogon, domin kamu takwas ne da hannun yaro. Jirgin kuwa, a kwanakinsa na farko, tafiyar da ya yi ba ta kai faɗin farce ba, ita ma baya ya yi ta.

Laifin duk na Kaka Dije ne, mahaifiyar uwata, wadda na tashi a hannunta. Sana'arta bandar kifi. Ɗanta Kawu Mamman ya kamo a kogi, ita ta gyara ta jera a kan waya. Wutar banda kuwa ba a barinta ita kaɗai: in ta yi harshe kifi ya ƙone, in ta mutu ya lalace. Saboda haka da an idar da sallar isha'i sai ta jawo 'yar kujerarta ta zauna gadi, mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye, ƙamshin tarwaɗa na sa mu haɗiyar yawu. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta buga itacen tona wuta a ƙasa ta ce, "Ga baƙuwa ta yi sallama." Mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma."

Ita kaɗai ce a gidanmu ta taɓa ganin jirgin ƙasa. Tana amarya ta bi kakanmu fataucin goro har Paraku ta Binin, lokacin ana ce wa ƙasar Dahome.

"Baƙi ƙirin," in ji ta. "Shina cin gawayi, shina shan ruwa kamar bijimi. In ya yi atishawa sai kajin garin su bar yin ƙwai kwana bakwai. Shi guda shina jan ɗaki goma a bayanshi."

Wani daren ɗakunan su zama ashirin, wani daren arba'in. Masu cewa na cika ƙarin gishiri, ga inda na gado.

Da malaminmu na firamare ya nuna mana yadda tururi ke ɗaga murfin buta, sai na haɗa nasa da na Kaka. Na samo gwangwanin madara na yi masa 'yar huda da ƙusa, na zuba ruwa zuwa rabi, na kwantar da shi a kan ɗan kaskon garwashi. Tururin da ke fitowa ya bugi farfelar da na yanka daga murfin gwangwani, farfela ta ja zaren roba, roba ta juya ƙafafu, wato marafan kwalba da na soke da wayar keke. Dogo kuwa karan dawa ne na fere. Taragu biyar na gwangwanin kifi, fasinjoji gyaɗa.

In na ɗaga shi sama, ƙafafun nan suna gudu har ba a ganinsu. Amma da na aza shi a dogo na ƙulla masa taragu, sai ya tsaya cik. Ƙafafu na ta wulwulawa, tururi na ta huci, jirgi na nan inda yake.

Hanne ce ta fara magana. 'Yar Kawu ce, taubashiyata. Ta girme ni da shekara ɗaya, bakinta ya girme ni da arba'in. Ta durƙusa gabana da ladabi, gaban yaran unguwa, ta ce, "Sannu da hanya, direba. Kun iso Kamba, ko har kun wuce Dole Kaina? Allah shi huce gajiya, Direban Tsaye."

Yara suka fashe da dariya. A garinmu in suna ya kwana bakwai a kanka, da shi za a yi maka sallar gawa. Akwai wani dattijo a unguwarmu, mai jikoki da farin gemu, har ya rasu Ɓarin-Kunu ake ce masa, saboda ƙwarya ɗaya da ta suɓuce masa yana yaro. Na ga kaina na tsufa, na je Makka na dawo, ana cewa ga Alhaji Direban Tsaye nan tafe. Nan take na yi rantsuwa: ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, jirgina zai ja taragu biyar daga ƙofar madafi har gindin turmi. Hanne ta ce in ya ja, ta haɗiye sunan. In bai ja ba, za ta yi masa waƙa 'yan mata su ɗauka a dandali. Ranar Litinin ke nan.

Kwana biyu ina gyara. A tunanina jirgin nauyi ya yi masa yawa. Na cire bututun hayaƙi, na cire ɗakin direba, na rage ruwa, na ƙara garwashi har na toye yatsa. Ya zama sakayau kamar kara. Da na gwada, sai ƙafafun suka ƙara gudu, jirgin ya kama tsalle a wuri ɗaya kamar ɗan tsako a kan zazzafan yashi. Kaka na gefe tana kankare kifi, tana kallona ta wutsiyar ido.

Daren Laraba ta buga itacenta, baƙuwa ta shigo.

Wai wata shekara ruwa ya janye da wuri, ya bar jiragen Sarkin Ruwa guda biyu, maƙil da shinkafa, sun kafe cikin laka. Aka yi shela cewa duk dabbar da ta jawo su za ta ci shinkafa har ta ce ta gaji. Barewa ta ce ba wanda ya kai ta sauri. Ta yi azumin kwana uku don ta ƙara sauƙi.

"Har 'yan kunnenta ta tuɓe," in ji Kaka, ta kuwa zuba mini ido. "Wai nauyi suka yi mata."

Aka ɗaura mata igiya. Ƙafafunta suka yi ta watsal-watsal, ta haƙa ramuka huɗu, ta yi wa Sarkin Ruwa wanka da laka tun daga rawani har takalmi, jirgi ko gezau. Ana haka sai ga Jaki ya dawo daga kasuwa, da buhun gishiri biyu a bayansa. Aka ce ya sauke kayan ya gwada. Kaka ta shaƙe murya ta langaɓe kai, ta zama jaki sak: "In na sauke, wa za ya aza min? Ku dai ɗaura igiyarku." Da ya yunƙura, nauyin gishiri ya danna kofatansa suka ratsa laka suka kama ƙasa mai ƙarfi. Jirgi ya yi ƙara, ya taho.

Na miƙe zumbur na ce, "Na gane!"

"Zamna, angona, baƙuwar ba ta yi bankwana ba."

Ina! Na riga na kai shimfiɗata, na lulluɓe kai ina lissafin inda zan samo abu ƙarami mai nauyi. Da gari ya waye kuwa sai ga shi a rataye a katanga: birgin Kawu, ragar nan da ake wurgawa ta buɗe kamar laima, bakinta kewaye da ƙwayoyin darma masu sa ta nutse. Na ɗauko reza na ciro goma sha biyu, duk a gefe ɗaya don kada in daɗe a tsaye. Na ɗaure su gaba ɗaya a kan jirgin, na hura wuta. Wayar ƙafafun ta lanƙwashe, jirgin ya durƙusa kamar raƙumi. A da ƙafafu na juyawa jirgi na tsaye, yanzu har ƙafafun sun bi sahu.

Kafin azahar sai ga Kawu ya shigo, gora ba kifi, birgi a kafaɗa, idanu jawur.

"Inna, yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Na jefa birgi, gefe guda ya nutse, gefe guda shina iyo. Kihi suna hita ta ƙarƙashi suna kallona, wani har da kaɗa min wutsiya! Ina Manu?"

Manu, wato ni, yana bayan Kaka, ya shige cikin zanenta har kunnuwa.

"Kul ka taɓa min miji," in ji ta. "Ni na ba shi rabin magani, ya sha ya ruga. In duka za ka yi, ga ni."

"Inna, darma sha biyu fa!"

"Kai da kake nashi tsawo, ba ƙwaryar nonon Fulani ka huda ba wai za ka yi molo? In tuna maka sauran?"

Hanne ta kusa shiɗewa da dariya. Ban sha duka ba, amma na wuni a rana ina mayar da darma ɗaya bayan ɗaya, Kawu na tsaye a kaina yana kwance duk ƙullin da bai yi masa ba. Daren nan wayar banda ba komai a kai sai 'yan ragowar jiya, tuwonmu kuma miya ba kifi. Kowa ya san wanda ya jawo mana.

Duk da haka Kaka ta hura wutarta, ta sa ni a gabanta, ta riƙe mini riga ta baya. Sannan ta ƙarasa. Wai Jaki da ya ga ana yi masa guɗa sai kansa ya kumbura. Ya ce in buhu biyu sun jawo jirgi, ashirin za su jawo kogin da kansa. Aka yi ta aza masa, yana cewa a ƙara. A na ashirin ya baje a laka kamar tabarma, kunnuwa kaɗai ake gani. Sai da dabbobi suka taru, har da Barewa, suka sauke kayan suka zaro shi. Ya yi jinyar kwana uku, ya dawo da buhunsa biyu, ya jawo jirgi na biyu bai ce wa kowa komai ba.

"Baƙuwa ta naɗe tabarmarta," in ji Kaka. Muka ce, "Ta gaida gida."

Da safiyar Juma'a na miƙar da wayar ƙafafun jirgin da dutse. Kaka ta kira Kawu ta ce ya ba ta darma uku daga tsohon birginsa, ladan goyo. Na tashi zan ɗaure su a gaban jirgin, ta ce, "A wuya anka aza wa jakin gishiri?" Sai na mayar da su daidai kan ƙafafun da ke juyawa. Ban samu na gwada da wuta ba aka kira salla.

Bayan an sauko tsakar gida ta cika. Na zuba ruwa, na sa garwashi, muka zauna jiran tafasa. Hanne na gefe tana gyara murya, wai tana gwada amshin waƙarta. Tururi ya fito, farfela ta ɗauka, ƙafafu suka juya. Jirgin ya yi rawa, ya ja tarago na farko, sauran suka miƙe, sai ƙafa ta zame. Kaka ta taso da 'yar sandarta, ta ɗebo rairayi mai laushi, ta barbaɗa a kan karan kamar mai sa gishiri a miya.

"Haka na ga suka yi can Paraku," in ji ta.

Marafan kwalba suka ciji kara. Jirgi ya tafi. Ba zan yi ƙarya ba, hawainiya mai dawowa daga ta'aziyya ta fi shi sauri, amma tafiya yake, taragu biyar na bin sa ƙwal-ƙwal-ƙwal, gyaɗa na rawa a ciki. Yara na rarrafe a gefensa suna ihu, Kawu ya manta da fushi yana cewa, "Ku ba shi hanya! Ku ba shi hanya!" Da ya dunguri turmi Kaka ta rangaɗa guɗar da ta sa maƙwabta leƙowa ta katanga suna tambayar wa ya haihu. Hanne ta taɓe baki ta ce, "To, Manu." Ban taɓa jin sunana ya yi daɗi kamar ranar ba.

Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Ni kuwa na girma na zama mai ɗaukar albasa da shinkafa a mota, tsakanin Bagudo da kasuwannin bakin iyaka. Da damina in mota ba kaya ta kafe a taɓo, sababbin direbobi sukan ce kowa ya sauka. Ni sai in ce kowa ya hau baya ya zauna kan taya, a yi ta kallona kamar mai sihiri. Amma ba a taɓo kaɗai jakin nan ya bi ni ba. Ina saurayi ba abin da ke kaina, na yi ta wulwulawa gari-gari, hayaniya da yawa, shekara biyar ina wuri ɗaya. Sai da aka aza mini iyali ƙafata ta kama ƙasa. Kuma na ga shekarar da na ce a ƙara, a ƙara, ga mota, ga gona, ga shago, ga sasanta rigimar kowa, har na baje a gadon asibiti kunnuwa kaɗai ake gani. Tun daga nan in za a aza mini abu nakan tsaya in ƙirga buhunan da ke bayana, kuma in tsoho na magana ba na tashi sai ya kai aya.

A Sallar da ta wuce muka taru a tsohon gidan Kaka. Na tara 'ya'yana da jikokin Hanne na ba su labarin nan, taragun sun ɗan ƙaru zuwa tara. Na rufe da cewa su riƙe a ransu, wanda ke gabansu injiniya ne da ƙasa ta yi asararsa. Hanne na tankaɗe a gefe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Injiniya," ta ce, "ka gaya musu daga madafi zuwa turmi gangara ce? Ko ƙwarya ka aje nan, da kanta taka isa."